Intanet Ɗinka Yana Ɗaukewa Yana Dawowa? Kafin Ka Canza Layi, Gano Inda Igiyar Ta Tsinke

Duk wanda yake zaune a Dutsin-Ma ko Kurfi a watan Satumbar 2021 ba sai an ba shi labarin ɗaukewar sabis ba. A watan ne aka kashe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, bisa buƙatar gwamnatin Aminu Bello Masari, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai, kuma garuruwan nan biyu suna ciki. Waya ta koma tocila da kalkuleta. Masu POS suka naɗe tabarma, wanda yake son tura saƙo ko karɓar kuɗi sai ya hau mota ya nufi wajen Katsina. Sai a watan Disamba sabis ya dawo.

Wancan ɗaukewar ta yi zafi, amma kowa ya san dalilinta, babu wanda ya ɗauki wayarsa ya kai wa mai gyara. Wadda ke cin ran mutane yanzu ita ce mai wasan ɓuya. Ka sayi rauta ko MiFi ka ajiye a gida ko a shago, ka zuba mata data ta wata guda, tana aiki lafiya lau, sai ana tsaka da kiran bidiyo hoto ya sandare. Ka jira minti biyu ya dawo. Bayan rabin awa ya sake tafiya. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke tsakiyar rajistar kwasa-kwasai ya san zafin abin: ka cike fom, ka danna turawa, shafi ya yi ta juyawa, ba ka san ko ya shiga ko bai shiga ba, kuɗi kuma an cire.

Abin da akasarinmu muke yi shi ne mu zagi kamfani, mu sayi wani layi, mu sake zuba data. Wani lokaci hakan ya yi magani. Sau da yawa kuwa asarar kuɗi ce kawai, domin matsalar tana cikin ɗakin da muke zaune. Bahaushe ya ce sanin wurin bugu shi ne ƙira, kuma gyaran intanet mai ɗaukewa kusan duk wannan ne.

Wace igiya ce ta kawo maka intanet?

Idan ka bincika wannan matsala a Google ko YouTube, yawancin bayanan da za ka gani na mutanen Amurka da Turai ne, waɗanda intanet ke shigo musu gida ta waya irin ta talabijin ko ta wayar faiba. Za ka ji ana cewa ka duba inda wayar ta shiga bango, ka ɗaure ta. A Kurfi da Dutsin-Ma gidajen da ke da irin wannan ba su da yawa. Namu intanet ɗin ta iska yake isowa, daga ƙarfen sabis zuwa rauta mai ɗauke da sim, sannan daga rauta zuwa wayoyinmu ta Wi-Fi.

Amma hakan ba ya nufin babu igiya a lamarin. Akwai wayar wuta da ke ciyar da rautar. Akwai wayar da ke haɗa rauta da kwamfuta a shagunan buga takardu. Akwai wayar eriya idan an ɗora ta a kan rufi. Can bayan ƙarfen sabis kuma akwai wayar faiba da aka binne a gefen titi, wadda take tafiya har Legas ta haɗu da manyan igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku. Saƙon WhatsApp ɗinka sai ya bi duk waɗannan gaɓoɓi kafin ya isa. Ko wace ta yi rauni, abin da za ka gani a fuskar waya iri ɗaya ne: babu intanet. Shi ya sa hasashe ba ya aiki.

Tambayar farko ba ta buƙatar wata manhaja. Idan ya ɗauke, dubi saman fuskar wayarka. Alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya, ko tana nan amma da ɗan alamar motsin rai a gefenta? Idan ta ɓace, matsalar tana tsakanin wayarka da rauta, ko rautar ce ta mutu ta farfaɗo. Idan tana nan, wayarka da rauta suna gaisawa lafiya, daga rauta zuwa waje ne hanya ta toshe. Sai tambaya ta biyu: kai kaɗai ne, ko duk wayoyin gidan suka ɗauke a lokaci guda? Idan kai kaɗai ne, ka bar rautar ta huta, wayarka za ka bincika.

Cajar da ta kusa sa Yayana sayen sabuwar rauta

Yayana yana da ɗan shago a ƙofar gidansa a Kurfi, inda yake buga takardu, yana duba wa yara sakamakon jarrabawa, yana cike wa mutane fom. Bara da bazara rautarsa ta fara wannan hali. Da safe lafiya. Daga la'asar zuwa bayan isha'i sai ta riƙa yankewa, wani lokaci sau biyar ko shida. Ya canza layi, bai daina ba. Ya koma layin farko. Da na je gaishe shi na tarar har ya yi cinikin sabuwa da wani mai zuwa Kano.

Na ce, “Yaya, don Allah ka ba ni yammacin yau kawai kafin ka biya kuɗin nan.”

Ya ce, “Kai dai da son bincike. Ai ta tsufa ne, me za ka gani a ciki?”

Abin da na yi bai wuce zama na zuba wa fitilunta ido ba. Wajen ƙarfe biyar sai ga shi duk fitilun sun mutu baki ɗaya, suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ja, sannan kore. Ke nan ba sabis ne ya ɗauke ba, na'urar ce take mutuwa tana tashi. Kuma rauta idan ta mutu ko da na daƙiƙa ɗaya ne, sai ta ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ta gama farkawa ta kama sabis. Wannan minti biyun ne Yaya yake kira ɗaukewar netwok.

Na juya cajarta na karanta. A ƙasan rautar an rubuta 12V 1.5A. Cajar da ke jikinta an rubuta 12V 0.5A. Ta asalin ta ƙone tun da daɗewa, aka samo wata ta wata tsohuwar na'ura da bakinta ya shiga, aka ci gaba da harka. Lambar farko ta yi daidai, shi ya sa take kunnawa. Lamba ta biyu ita ce yawan wutar da cajar za ta iya bayarwa, kuma ba ta kai rabin abin da ake buƙata ba. Da safe da aiki bai da yawa tana lallaɓawa. Da yamma wayoyi sun taru a kanta, ɗaki ya ɗauki zafi, rautar ta nemi ƙarin wuta, sai cajar ta gaza. Akwai ma wani abu da mutane ba su cika sani ba: idan sabis ya yi rauni, rauta tana ƙara ƙarfin muryarta don ƙarfen sabis ya ji ta, wannan kuma ƙarin wuta yake ci. Wato caja mai rauni tana gazawa ne daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Muka sayo caja mai lambobin da suka dace. Ka'idar mai sauƙi ce: lambar V dole ta zama daidai da abin da aka rubuta a jikin rautar, ba ƙari ba ragi, lambar A kuma ta kai abin da aka rubuta ko ta ɗara, ɗarawar ba ta ɓata komai. Yankewar ta ragu sosai, sai saura wadda ke zuwa duk lokacin da aka ɗauke wutar Nepa ana jiran a tada inji, ko firij ɗin cikin gida ya tashi fitila ta yi ƙyafta ido.

Ba sai ka zauna gadin fitilu kamar yadda na yi ba. Kowace rauta tana da shafinta na ciki. Ka haɗa wayarka da Wi-Fi ɗinta, ka buɗe Chrome, ka rubuta lambar da ke manne a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na kamfanin Huawei kuma 192.168.8.1. Sunan shiga da kalmar sirri suna nan a kan takardar, sai dai in an canza. A ciki ka nemi inda aka rubuta Uptime ko Running time, wato tsawon lokacin da ta yi a kunne. Idan kai ka san tun safe ba ka taɓa ta ba amma ta ce minti goma sha biyu, to ta tona wa kanta asiri.

Maganin ɗaukewar wuta shi ne ƙaramin batirin rauta da ake kira mini UPS, ɗan akwati da bai fi tafin hannu biyu ba, wanda ke shiga tsakanin soket da rautar. Wuta ta tafi ko ta dawo, rautar ba ta ma sani ba. Mai sola da inbata ya riga ya huta da wannan, sai dai shi ma ya lura ko inbatarsa tana yin ɗan tsaiko lokacin sauyawa. A ganina duk mai sana'ar da ta dogara da intanet a yankin nan, wannan batirin ya kamata ya fara saya tun kafin ya yi tunanin eriya ko sabon layi.

Sai zafi. Yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu a inuwa ma muna haura hakan. Ka ɗora ta a kan firij, ko a taga inda rana ke dukanta, ko a kusa da rufin kwano marar silin, ko uwargida ta lulluɓe ta da ƙyalle don kada ƙura ta ɓata ta, to ka haɗa mata tanda. Na'urar da ta yi zafi takan rage gudu da kanta, in abin ya yi yawa ta kashe kanta ta sake tashi. Taɓa ta da bayan hannu lokacin da ta yanke. Masu MiFi su buɗe murfin baya su duba batir: idan ya kumbura kamar burodi, a cire shi nan take a canza. Barin MiFi a jikin caji dare da rana cikin zafi shi ke kawo hakan, kuma batirin da ya kumbura yana iya kama wuta.

Tsakanin rauta da wayarka

Idan rautar ba ta mutuwa amma alamar Wi-Fi tana ɓacewa a wasu wurare, ginin gidan ne. Gidajenmu ba irin na cikin hotunan talla ba ne. Rauta tana shago ko zaure, kai kana ɗaki can ƙuryar gida, tsakaninku bangon bulo uku ko katangar ƙasa mai kauri, ga ƙofar ƙarfe. Rautoci da yawa suna fitar da Wi-Fi iri biyu, mai 2.4GHz da mai 5GHz. Na biyun ya fi gudu amma ba ya jure bango. Na farkon ya fi nisa. Idan an haɗa su a suna ɗaya, wayarka takan yi ta tsalle tsakaninsu a daidai inda ƙarfinsu ya yi kunnen doki, kowane tsalle kuma ɗan yankewa ne. Shiga shafin rautar ka raba musu suna, wanda ke nesa ya zauna a kan 2.4. Kuma kada a rikita wannan 5GHz da sabis ɗin 5G, sunan ne kawai ya yi kama.

A gidajen haya na ɗalibai a Dutsin-Ma matsalar takan zama ta yawa. An sayi MiFi don mutum uku, kalmar sirri ta zaga ɗakuna goma. Ƙananan MiFi da yawa ba sa ɗaukar fiye da na'urori 10, wasu 16. Idan ta cika, wanda ya fita ya dawo sai ya tarar an zaune masa wuri. Shafin cikin yana nuna sunan duk wayar da ke kai. Ka duba, za ka sha mamaki.

Idan kuwa wayarka ce kaɗai ke yankewa, fara da tsarin tanadin batir. Wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun akasarinmu, suna da tsananin tsumulmular caji, sukan katse wa manhajoji intanet da zarar fuska ta mutu. Kashe wannan tsari na kwana ɗaya ka gani. Sai manhajojin VPN, musamman na kyauta da ake sakawa don neman data ta ɓagas: duk abin da kake yi sai ya bi ta wata kwamfuta a wata ƙasa, in ta yi tuntuɓe kai ma ka faɗi, alhali sabis ɗinka lafiyarsa ƙalau. A ƙarshe ka sa wayar ta manta da Wi-Fi ɗin, ka sake shigar da kalmar sirri.

Masu shago da ke haɗa kwamfuta da rauta ta waya su duba kan wayar. Ɗan maƙallin robar nan da ke yin ƙas idan an soka shi yakan karye, sai kan ya riƙa motsi, duk wanda ya taɓa tebur intanet ya tafi. Girgiza wayar a hankali kana kallon ƙaramar fitilar ramin. In ta ƙyafta, ka kama ɓarawo. Ɓera ma yana son irin wannan waya, ƙofa kuma tana datse ta. Kuma ba a so tsawonta ya wuce mita 100.

Sandunan sabis ba sa faɗin gaskiya duka

Yanzu a ce wuta lafiya, Wi-Fi lafiya, amma fitilar intanet ta rautar tana komawa ja. Nan ne ake shiga tsakanin rauta da ƙarfen sabis, kuma nan ne sandunan nan huɗu ko biyar suke yaudarar mutane. Babu wata ka'ida ɗaya da kamfanonin waya suke bi wajen zana su. Sanda uku a wata waya sanda biyu ce a wata.

A shafin rautar, galibi a ƙarƙashin bayanan na'ura, akwai lambobi biyu da suka fi sandunan amfani. Ta farko RSRP, ƙarfin sabis ɗin da ke isowa. Ana rubuta ta da alamar ragi, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -80 sabis ne mai ƙarfi, -95 ba laifi, daga -110 zuwa ƙasa kana bakin gaɓa, iska kaɗan za ta tura ka. Ta biyu SINR, wato tsabtar sabis ɗin, yadda muryar ƙarfen ke fita a cikin hayaniya. Ita babbar lamba ce mai kyau: sama da 13 madalla, kusa da sifili ko ƙasa da shi kuwa ko sanduna sun cika ba za ka ji daɗi ba. Kamar mutum ne yana yi maka magana da ƙarfi a tsakiyar kasuwa: kana jin sautin, ba ka gane abin da yake cewa.

Da waɗannan lambobi a hannu, ɗauki rautar ka zaga gida. Gwada kowace taga, ka dakata minti ɗaya, ka sabunta shafin, ka rubuta. Ɗaga ta sama. Bambancin taga ta gabas da ta yamma yakan kai maki goma, wanda ya isa ya raba intanet mai yankewa da mai zama. Dutsin-Ma gari ne mai duwatsu, sunansa ma ya faɗa, kuma dutse ko tudu tsakaninka da ƙarfe yana tare sabis kamar yadda yake tare rana. Mai yiwuwa ƙarfen da ya fi kusa da kai ba shi ne ya fi ganinka ba.

Akwai wata yankewa da ke damun mutanen gefen gari da ƙauyukan da ke kan hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma ko wajen dam ɗin Zobe. Inda 4G ya yi rauni, rauta takan sauka 3G, ta ga 4G ya ɗan leƙo ta koma, ta sake sauka. Kowace sauka da hawa sai an yanke. A saitin netwok ka cire ta daga Auto ka ɗaure ta a 4G only. Idan 4G ɗin bai da ƙarfin da zai riƙe ta, ɗaure ta a 3G. Gara mai tafiyar hawainiya da ba ya tsayawa idan fom kake cikewa. Haka kuma zangon da kamfani yake watsa sabis a kai yana da tasiri. Ƙananan zanguna irin 700 da 800 sun fi tafiya nesa da ratsa bango, manya irin 1800 da 2600 sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. Wannan ne dalilin da ya sa layin da ke tashi kamar jirgi a tsakiyar gari yake zama gurgu a ƙauye, wani kuma akasin haka. A nan canza layi yana da ma'ana, amma ka ari sim ɗin maƙwabci ka gwada tukuna, ka duba lambobin.

Eriyar waje tana taimakawa idan rautar tana da ramin ɗaura ta. Sai dai wayar eriya tana shanye sabis a kowace mita, don haka doguwar waya mai araha tana iya cinye duk ribar da eriyar ta samo. Kuma a naɗe mahaɗarta da kyau. Idan intanet ɗinka ya fara iskanci ne daga faɗuwar damina, kuma kana da eriya a kan rufi, to ruwa ya shiga mahaɗar.

Abin da ya fi ƙarfinka

Wani lokaci duk lambobin suna da kyau, amma daga ƙarfe bakwai zuwa goma sha ɗaya na dare komai ya tsaya, ƙarfe biyu na dare kuma ya dawo kamar ba shi ba. Wannan cunkoso ne. Ƙarfen sabis yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, duk wanda ke ƙarƙashinsa kuma rabawa ake yi. Jami'ar Dutsin-Ma an kafa ta a 2011, kuma duk wanda ya san garin kafin nan ya san yadda ya cika ya batse. Mazauna unguwannin ɗalibai za su iya gwada wannan da kansu: kwatanta gudun intanet lokacin hutu da lokacin da aka dawo karatu. Babu saitin da zai gyara cunkoso. Abin da za ka iya shi ne ka mayar da manyan saukarwa da sabunta manhajoji zuwa tsakar dare ko asuba, ka kuma riƙe layi na biyu na wani kamfani don aikin gaggawa.

Idan kuma RSRP ɗinka kullum -85 ne, yau ka wayi gari ka ga -112 ba tare da ka motsa rautar ba, ƙarfen da kake kai ne ya mutu, ta koma kan na nesa. Ƙarafan nan da dizal da batura da sola suke rayuwa, su ma wuta tana yanke musu.

Sai faiba. Shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, Dokta Aminu Maida, ya bayyana cewa an samu yankewar wayar faiba fiye da sau 50,000 a Najeriya a shekarar 2024, kusan 30,000 daga ciki sanadiyyar aikin hanya. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Katafila ɗaya da ke haƙa kwalbati a wani gari da ba ka taɓa zuwa ba tana iya katse maka kira a Kurfi. Alamarta ita ce sanduna cike, kira ma wani lokaci yana shiga, amma data ko motsi. Mafi girman irin wannan shi ne na ranar 14 ga Maris 2024, ana kwanakin farko na azumi, lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Manhajojin bankuna suka tsaya, intanet ya yi ta jan ƙafa a ƙasashe da dama. A ranar mutane nawa ne suka yi ta kashe waya suna kunnawa, suna cire sim suna gogewa a riga?

Wasu masu hali sun koma Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, domin ita daga tauraron ɗan'adam take ɗauko intanet, ba ruwanta da ƙarfen unguwa. Tana da kyau, amma ita ma tana yankewa idan reshen bishiya ko gini ya tare mata sama, ko aka yi ruwa mai ƙarfi, kuma tana cin wuta ninkin-ba-ninkin abin da rauta ke ci. Wanda bai magance matsalar wutarsa ba, ya sayi Starlink, ya sayi yankewa mai tsada ne.

Kafin ka ɗora wa kowa laifi dai, danna *323# ka duba ragowar data. Kuma tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka galibi yana da wani adadi da idan ka kai za a rage maka gudu har ka zaci yankewa ce.

Kwana uku da biro

Ga gwajin da ke raba gardama. Sauke manhaja irin Fing ko PingTools daga Play Store. A cikinsu akwai abin da ake kira ping, wato ka ƙwanƙwasa wa wata na'ura ƙofa ka ji ko za ta amsa. Lokacin da intanet ya ɗauke, ƙwanƙwasa lambar rautarka, wadda ka shiga shafinta da ita. Sannan ka ƙwanƙwasa 8.8.8.8, wata kwamfutar Google. Idan rautar ba ta amsa ba, matsalar tana cikin gidanka. Idan ta amsa amma ta Google shiru, daga rauta zuwa waje ne. Idan duka biyun sun amsa amma shafi ɗaya ne ya ƙi buɗewa, to shafin ne ke fama da kansa, kamar yadda shafukan rajista suke yi a ranar ƙarshe idan kowa ya rufta musu.

Sai ka samu takarda. Duk lokacin da ya yanke ka rubuta ƙarfe nawa, minti nawa ya yi, akwai wuta ko babu, wace fitila ce ta canza, da lambar RSRP. Kwana uku sun isa. Kuma ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda. In ka canza caja da wuri da layi a rana ɗaya ya gyaru, ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba, ran da ya dawo kuma sai ka faro daga farko.

Idan takardar ta nuna daga waje ne, kira 300, lambar kula da abokan hulɗa da duk kamfanonin layi suke amfani da ita yanzu. Mai cewa “netwok ɗinku ba kyau” za a ce masa ya kashe waya ya kunna. Mai cewa yana unguwa kaza a Dutsin-Ma, kwana uku a jere sabis yana faɗuwa daga -88 zuwa -113 tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana, ya ba su abin da za su tura wa injiniya. Ka nemi lambar ƙorafinka ka adana. Idan an yi kwanaki ba a yi komai ba, kira 622, layin NCC na kyauta, za su tambaye ka wannan lambar.

Shi kuwa Yaya, daga baya ya sayi ƙaramin batirin, ya kuma buga wa rautar ɗan katako a saman tagar da ke kallon titi. Kuɗin sabuwar rautar da ya fasa saya ya ƙara a kan na tawadar firinta. Har yanzu ranar da aka yi hadari mai ƙarfi takan ɗauke, sai ya kira ni ya karanto min lambobin.